Sharar da Aka Yi wa Tudun Kaka

Pahoa, Hawaii
Satumba, 2003

Prima Monse,

Ina gaishe ki 'yar baffana, ina gaida gwiwar nan taki da kika cika rabin takarda da labarinta. Allah ya sa man shafawar da likita ya ba ki bana ya fi na bara aiki. Ki gaida 'yarki Ivelisse da yaranta. Ki gaida mijinta Wilfredo ma, tunda albarkacinsa ne kika tuna kina da ɗan baffa a bayan duniya. Ni lafiyata ƙalau in an cire baya da tari. Tarin na wurin aiki ne, bayan kuwa na shekaru ne, kuma babu mai magani a cikinsu.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. In na fahimce ki, ga yadda maganar take. Wilfredo yana son ya sare bishiyoyin inuwa na tudun Kaka Eusebio, ya tumɓuke tsohuwar gahawa, ya dasa sabon irin nan mai son rana da ake cewa yana ninka amfani. Ana cikin haka sai ga wata malamar jami'a, Dakta Quiñones, ta hau tudun da na'urar ɗaukar murya, ta sauko ta ce ɗan kwaɗon nan da muke kira maƙeri tun muna yara yana nan a sama, kuma ya kusa ƙarewa a duk faɗin Puerto Rico, don haka a yi wa Allah kada a taɓa wurin. Ke kuma kin tsaya a tsakiya, kin tuna rabin gonar nawa ne tunda ubana da ubanki ne suka gada, kin ce in raba gardama.

Kin aiko tambayar inda ta dace, ba tare da kin sani ba. Tun da aka rufe kamfanin sukari na koma aiki a wani gandun furanni na wata tsohuwa 'yar asalin Japan, Madam Uyehara. Muna renon shuke-shuke a tukwane, ana loda su a jirgi zuwa California. Kafin tukunya ta fita sai an tabbatar babu koki a cikinta. E, kokinmu dai, babban kwaɗon nan mai ihu, wanda ke zane a jikin kowace riga da ake sayar wa baƙi a San Juan. A ɓoye ya shigo nan cikin tukwanen shuka, ya tarar babu abin da ke cinsa, ya hayayyafa har mutane suka daina barci. To ni ne mai kashe shi. Ina tura tukwane cikin ɗakin ruwan zafi, ina goya tanki in bi gindin shinge da feshin ruwan tsami, da safe in kwashe abin da ya faɗo da shebur. Tsamin ne ke sa ni tari.

Akwai wani dattijo ɗan Filifin da muke aiki tare, Manong Isko. Kullum sai ya same ni.

"Nico, 'yan garinku sun sake kiran taro a bayan rumfa ta uku. Je ka yi musu magana da yarenku mana, ko sa ji."

"Na yi," na ce masa. "Sun ce ba su da na jirgin komawa."

"Ashe irinka ne."

"Irina ne, sai dai su sun samu mata a nan."

Ba na ganin laifin mutanen nan. Suna da nasu tsuntsayen da nasu ƙwarin da babu su a ko'ina a duniya, koki kuwa ba ya tambayar na wa ne kafin ya haɗiye. A gida ana yi masa waƙa, a nan ana biyan mutum ya kashe shi, kuma kowa da gaskiyarsa. Na daɗe da daina jin komai a kai.

Amma maƙeri daban ne. Shi ba mai murya ba ne. Kin tuna yadda yake yi, tik-tik-tik, kamar ana taɓa kwano da ƙaramar guduma, da yamma in hazo ya sauko kan tudun, kafin manyan su fara ihu su binne shi. Kaka Eusebio kan tsaya da adda a hannu ya ce mana, "Ku ji, ma'aikacin nan yanzu ya fara, ku kuna neman hanyar gida." Ban taɓa ganinsa da ido ba. Na zaci tuni ya bi Kaka.

Ba zan zagi Wilfredo ba. Yara uku ne da shi, guguwar da ta wuce ta tafi da rufin gidansa, tsohuwar gahawa kuma ba ta ciyar da kowa. Da ni ne a wurinsa, da tuni addata ta sha wasa. Mutumin da ya bar gona sama da shekara talatin ba shi da bakin koya wa wanda ya zauna yadda ake noma. Sai dai kin tambaya, ni kuma ba na son a ce daga bakina aka ji a sare. Ina wuni ina kashe iri ɗaya, ya ishe ni.

Saboda haka ki gaya masa: ba za a sa adda a jikin bishiya ko ɗaya ba sai na zo na ga wurin da idona. In ya ce yaushe, ki ce ya ajiye min kujera ranar Kirsimeti, kusa da gasasshen alade. Kin san ni, kin san sauran.

Ɗan baffanki,
Nicomedes


Cayey, Puerto Rico
Oktoba, 2003

Primo Nico, mai kai kamar dutsen niƙa,

Allah ya yi maka albarka, Budurwa Maryamu ta rufe ka da mayafinta. Mu nan duk lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi tun ranar da wasiƙarka ta zo, likita ya ce man ne, na bar shi da tunaninsa. Tarin nan naka kuwa, zuma da lemon tsami da ɗan giyar rake kafin ka kwanta. Ɗan kaɗan na ce, na san ka.

Sai da na sa Ivelisse ta sake karanta min ƙarshen wasiƙar da ƙarfi, ko idona ne ke yi min ƙarya. Za ka zo! Ka ce na san ka, na san sauran. Ai kuwa na sani. Tun kana yaro ba ka iya cewa kana jin yunwa, sai dai ka tsaya a ƙofar kicin kana sukar girkin mutane. Yanzu ma ba za ka iya cewa kana kewar gida ba sai ka zagayo ta wurin alade.

Wilfredo ya so ya ɓata min rai.

"Doña Monse," ya ce, "mutumin da ko jana'izar ubansa bai zo ba, kwaɗo ne zai kawo shi?"

"Kai dai ka ci gaba da cika wa aladen ciki," na ce masa.

Ya yi dariya, amma ya ce zai jira. Ya rantse a gaban matarsa ba zai taɓa bishiya ba sai kun zauna kun yi magana namiji da namiji. Yaron ba mugu ba ne, gaggawa ce da shi.

Na gaya wa kowa. Fada, limamin cocinmu, ya sani, makaɗan Kirsimeti sun sani, sun ce gidanmu ne za su fara dira. An yi wa ɗakin ubanka fenti. Na ware ayabar da za a yi pasteles da ita, alalar nan tamu ta biki, ba wanda ya isa ya taɓa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, tudun. Kai ka san shi a zamanin Kaka, ƙasa tas kamar tsakar gida, gindin kowace bishiya fari fat da farar ƙasa. Yanzu abin kunya ne, Nico. Tun guguwa ba a shiga ba. Rassan da suka karye sun ruɓe inda suka faɗi, busassun ganyen kwakwar dutse sun kai gwiwa, abarbar bishiya ta cika rassa tana tara ruwa tana haifa mana sauro. Ba zan bari ka dawo bayan shekarun nan ka ce mun mai da gadon Kaka juji ba. Na yi magana da maƙwabta, za mu yi gayya irin ta da, da zarar an rage tsinkar gahawar ƙasa. Kada ka damu, bishiya ko ɗaya ba za a taɓa ba, na yi wa Dakta alkawari, na yi maka. Shara ce kawai. Ita Daktar ta tafi koyarwa a ƙasar waje sai sabuwar shekara, in ta dawo ita ma za ta sha mamaki.

Ka rubuto ranar da jirginka zai sauka. Ka zo da rigar sanyi, ka manta yadda dutsen nan yake a Disamba.

Taka har kullum,
Monse


Pahoa
Nuwamba, 2003

Prima,

Ina fatan kina lafiya, ke da gwiwa da mutanen gida. Na gode da maganin tari. Zan gajarta gaisuwa don in kai wannan gidan waya kafin a rufe. Na gwada lambar kantin da ke bakin hanyarku, an ce layin ya mutu tun ruwan da kuka sha.

Magana biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farko.

Ta farko, ba zan zo ba. Ban taɓa nufin zuwa ba. Na ce Wilfredo ya jira ni ne don na san jiran ba shi da ranar ƙarewa, bishiyoyin su ci gaba da tsayuwa ba tare da na fito na ce masa a'a ba. Na ɗauka za ki karanta ki yi tsaki ki gane. Disamba ne lokacin da gandun ya fi cika da aiki, Madam ba ta ba da hutu. Ko da ta bayar ma ban san me zan zo in yi ba, ban da in zauna a kujera mutane su zo suna kallon yadda na tsufa. Wilfredo ya fi ki sanina. Ki yanka aladen ku ci.

Ta biyu, kada ki share tudun. Kada ki bar kowa ya shiga da manjagara. In an fara, a tsaya inda aka kai.

Bari in gaya miki abin da aka koya mana a nan. Ma'aikatan gona sun tara mu, mu masu aikin gandu, suka ce feshi ba ya ƙarar da koki, rage shi kawai yake yi. Abin da ke ƙarar da shi tsabta ce. Koki ba ya zuwa rafi ya zuba ƙwai kamar kwaɗin fadama. Macen takan ajiye ƙwanta a cikin naɗaɗɗen busasshen ganye, ko a ƙarƙashin ruɓaɓɓen reshe, namijin ya kwanta a kai yana jiƙa su da cikinsa har su ƙyanƙyashe, 'yan kwaɗi cikakku da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya kwashe ganyen ya kwashe ɗakin haihuwa da ɗakin kwana da rumbun abinci a tafi ɗaya. Daga nan iska ta samu ƙasa ta busar da ita, shi kenan.

Da hannuna na yi wannan a bayan rumfa ta uku. Ban fesa komai ba. Na yanke ciyayi, na kwashe ganye, na ƙone. Da yamma Manong Isko ya zo ya tsaya ya kasa kunne.

"Kai, Nico, me ka gaya musu? Maƙabarta ma ta fi nan hayaniya."

Madam ta ba ni kwalin biskit. Wannan fa babban kokin ne, mai jurewa, wanda in an kore shi nan gobe ya ɓullo can. Maƙeri ba shi da can.

Batun zamanin Kaka kuma, gefen hanya kika tuna, inda ku mata kuke ajiye mana abinci. Nan ne yake sharewa yana shafa farar ƙasa, don nan ne idon mutane ke kaiwa. Ni da nake bin sa har sama na san bai taɓa sa manjagara a can ba. Cewa yake yi ba ya share inda Fada ba ya zuwa. Ƙazantar Kaka ce ta riƙe maƙeri har ya kai yau, guguwa kuma ta ƙara masa ɗakuna.

Ki yi fushi da ni yadda kika ga dama, na cancanta. Amma ki fara hana gayyar tukuna.

Nicomedes


Cayey
Janairu, 2004

Nicomedes,

Muna lafiya. Gwiwa ta dawo yadda take. Ina fatan tarinka ya yi sauƙi.

Wasiƙarka ta iso gidan waya a gari ta kwanta a akwati. Da farko ƙasa ce ta zaftaro ta rufe hanya. Da aka buɗe kuma kowa yana cikin hidimar tarbarka, babu wanda ya ga dalilin sauka gari duba akwati. Wa zai rubuto mana, tunda mai rubutowar yana hanya? Ana jibi Kirsimeti Wilfredo ya sauka sayen ƙanƙara ya taho da ita. A lokacin toka ma ta huce.

An yi gayyar. Kowa ya fito, har waɗanda ba ma ga maciji da su. Maza suna gaba da adda suna sassabe, wasu sun hau rassa suna ɓamɓaro abarbar bishiya, mata muna baya da manjagara. Na dafa shinkafa da wake a babbar tukunyar biki aka hau da ita. An tara sharar tuli-tuli aka sa wuta, hayaƙi ya kwana ya wuni a kan tudun. Da muke kwasar ganye maƙwabciyata Basilisa ta ce, "Comay Monse, dubi 'yan mitsi-mitsin nan, sai tsalle suke kamar ƙuma." Muka yi dariya. Har da ni. Aka shafa wa bishiyoyi farar ƙasa tun daga ƙasa har sama. Ya yi kyau, Nicomedes. Ko ka so ko ka ƙi, ya yi kyau. Ban taɓa ganin wurin ya yi kyau haka ba.

A kicin na karanta wasiƙarka, a tsaye, hannuna duk ƙullin ayaba. Na ninke ta na sa a aljihu na ci gaba da ɗaure pasteles, don me zan yi? Ranar biki makaɗa suka zo, gida ya cika. Wilfredo ya ajiye kujerar kusa da alade kamar yadda ka ce, ban hana shi ba. Da rana ta yi nisa Basilisa ta ce, "Comay Monse, baƙon naki da iyo yake tahowa ne?" Na ce aiki ne ya riƙe ka. Fada ne ya zauna a kujerar daga baya, ƙafarsa na ciwo.

Dakta Quiñones ta dawo bayan bikin Sarakuna Uku na farkon watan nan. Na raka ta har sama duk da gwiwa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Doña Monse, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni na sa. Bishiya ko ɗaya ba a taɓa ba."

"Na gani," ta ce.

Ba ta ɗaga min murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ita ma da nata laifin, da ta zauna ta yi min bayanin abin da take nufi da kada a taɓa, ba ta faɗa a tsaye tana saurin kama hanya ba. Ta yi ta hawa da yamma da na'urarta har mako ya zagayo. Manyan suna nan suna ihunsu a cikin ayaba ta ƙasa, su ba abin da ya same su. A sama shiru. Ta ce mai yiwuwa wasu sun tsira a kwazazzabon da ke bayan iyakarmu, mai yiwuwa kuma babu. Ba za a sani ba sai ruwan Mayu ya sauka, watakila ma sai an shekara biyu ko uku.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, don ba don ita ba da ban rubuto ba. Wilfredo ya cika alkawarinsa, ya jira, ba ka zo ba. Shekaranjiya ya ce min, "Doña Monse, tunda mai gidan ya tashi, inuwar wa muke gadi?" Bai faɗa da mugunta ba. A watan Afrilu ake raba sabon irin, yana son ya san matsayinsa kafin nan.

Rabin wurin naka ne. Wannan karon ka rubuta abin da kake nufi, yadda tsohuwa za ta gane. Ni ban yi makarantar habaici ba.

Monserrate


Pahoa
Maris, 2004

Prima Monse,

Ina gaishe ki. Ina gaida Ivelisse da yara da Wilfredo. Ki gaida Basilisa ma, tambayarta daidai ce. Tari yana nan, an ba ni abin rufe hanci, Manong Isko ya ce na fi kyau da shi.

Na daɗe ban amsa ba. Duk takardar da na fara sai in ga ta koma rabon laifi, kaza nawa, kaza naki, kaza na Dakta, kaza na ruwan da ya rufe hanya, in yayyaga. Babu abin da rabon zai tayar. Ni na rubuta abin da ban nufa ba, don ina tsoron cewa a'a kai tsaye. Ke kin karanta abin da kike so ki ji. Sannan kin yi min abin da babu wanda ya yi min tun da na bar gida, kin share wuri don zan zo. Na yarda ya yi kyau. Ba sai na gani ba.

Ga abin da nake nufi, kuma babu komai a ƙarƙashinsa.

Rabona na gonar ƙasa, daga bakin hanya har inda ayaba ta ƙare, na bar wa Ivelisse da Wilfredo, kyauta, har abada. Ya dasa irin da yake so, ya sare abin da ya tsare masa rana a can. In akwai takardar da zan sa wa hannu a aiko min. Wurin ya fi tudun ruwa, ya fi shi sauƙin aiki, shi ma ya sani. A madadin haka tudun sama ya zama rabona. In kin yarda ke nan, don ke ma da naki a ciki. Ba za a sare bishiya a can ba muddin ina numfashi.

Tambayar Wilfredo tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ita ce ban sani ba. Watakila inuwar babu kowa muke gadi. Watakila shekara uku ta wuce Dakta ta naɗe na'urarta ta ce an gama, ya zama na hana mutum mai yara uku gona saboda shiru. In haka ta faru yana da damar ya zage ni, ba zan musa ba. Amma a wurin aikina na ga abu ɗaya: duk inda muka share, in muka yi sakaci ganye ya sake taruwa, in dai akwai sauran mai rai a kusa, sai ya dawo. Wannan ne abin da ke ba Madam ciwon kai. Ban san ko maƙeri yana da wannan taurin ran ba. In an sare inuwar dai, ko yana da shi ba inda zai nuna.

Ki nuna wa Dakta wannan kafin a yi komai. Ni kashewa na iya, ita ce ta san rayarwa, duk inda maganarmu ta saɓa a bi tata. In ta amince, to a mayar wa tudun abin da aka kwashe masa. Duk ganyen ayaba da Wilfredo zai yanke a ƙasa, duk reshe, duk busasshen ganyen kwakwa, kada a ƙone, a ɗauka a hau da shi a watsar a gindin bishiyoyi, a fara daga gefen kwazazzabo. A yanka gora gaɓa-gaɓa a yar a ciki. A yi kafin ruwan Mayu. Farar ƙasar kuwa ruwa zai wanke ta da kansa.

Batun zuwa, ba bana ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Kada a ajiye kujera.

Na san abin da nake roƙo a wurinki ya fi wanda nake roƙo a wurin Wilfredo nauyi. Ke da ba ki iya ganin ganye ɗaya a tsakar gida ki wuce, za ki tsaya a gaban mutanen da suka ba ki wuninsu suka share, ki ce a kwaso shara a hau da ita. Za su ce Monserrate ta tsufa, ta zama ƙazama, ta mai da gadon Kaka juji da hannunta. Ki ce musu ni na sa ki. Sun saba zagina, kuma daga nan ba na ji.

Ɗan baffanki,
Nicomedes